Jan Tuntu

Yara sun dawo daga Kano suna ta zuba, wai sun ga jirgin ƙasa, kowane kan jirgi da launinsa da sunan masu shi a jiki. Na ce su rufa mini baki. Mu ma a Matameye, tun kafin Nasara su zo, ayarinmu yana da suna da launi.

Da can ayarin 'Yan Kanwa ake ce mana, don kanwa muke kaiwa Kano. Da mahaifina ya zama madugu, sai ya rataya wa kowane jaki tuntun fata a goshi, rinanne da karan dafi, ja wur. Daga nan suna ya koma Jan Tuntu.

Shekarar da ya rasu, wani attajiri daga Damagaram ya haɗe ayarinmu da nasa. Ya ce daga yau sunanmu ayarin Birni, kowa ya kai tuntunsa marina a tsoma a shuni. Mutanen da suka ci tuwo a gidanmu suka yi layi a bakin rijiyar rini kamar masu jiran sadaka. Abin ya ƙona mini rai. Na ƙi.

Attajirin ya kira ni. "Ɗana, wanda bai rina ba a wutsiya yake tafiya. In an taɓa shi, ba mai waiwayowa."

"Na ji, ranka ya daɗe," na ce.

Da jakuna biyu na bi bayansu. Mun wuce Kurni, daji ya yi kauri, sai 'yan fashi suka fito mini. Na yi ihu har muryata ta dushe, ba wanda ya juyo. Suka kore jaki na farko, na riƙe goshin na biyu, suka fizge shi, tuntun ya tsinko a hannuna. Buhun kanwa ɗaya ya faɗi suka bar shi.

A zango attajirin ya aiko mini da jaki, lafiyayye, da shuɗin tuntu. Na yi godiya na mayar. Na ɗaura jan a bakin buhun, na aza a ka. Wuyana bai sake miƙewa daidai ba har yau.

A ƙofar Kano mai tsaron ƙofa ya tare ni. "Kai kuma na wane ayari ne?"

"Jan Tuntu."

Ya leƙa bayana. "Ina sauran?"

"Ni ke nan," na ce. "Ba ni hanya."