Kafaɗar Sabitu

Ranar Talatar nan ta ƙarshen watan Zulƙida, Sabitu ya dawo daga sallar Asuba bai koma barci ba, ya haye rufin gida kamar yadda ya saba. Mahaifiyarsa Murja tana kicin, tana jin takunsa a saman kanta. Ta san kowane sauti. Idan ta ji shiru, yana rataye ne da hannuwa a jikin ƙarfen shanya. Idan ta ji sanɗa, yana tafiya da hannu da ƙafa kamar kyanwa. Idan ta ji dif, dif a hankali, yana dirowa daga kan bulo, yana koyon sauka a kan yatsun ƙafa da gwiwa a lanƙwashe.

Shekararsa goma sha tara. A wayarsa ya ga wasan da samarin Makka ke kira barkur, na tsallake katanga da rufin gidaje, ya ce shi ma sai ya iya. Ranar da ya nuna wa Murja hoton wani yaro yana tashi daga bene zuwa bene, sai da ta zauna.

Tsoron nata yana da tushe. Ita da mijinta Malam Abdurrahim sun zo aikin Hajji daga Kano, ita da shaidar jami'arta a jaka, suka zauna ba su koma ba. Shekara ashirin da wani abu suna unguwar Utaibiyya a Makka ba su da iƙama, takardar izinin zama. A ɗaki ta haifi Sabitu, a hannun ungozoma. Tun yana rarrafe ya tashi da doka ɗaya wadda ba a taɓa faɗar ta da ƙarfi ba: a gidan nan ba a yin ciwon da zai kai mutum asibiti, domin a asibiti ana tambayar takarda.

Don haka suka yi yarjejeniya. Zai yi motsa jikin masu koyo kaɗai: tsugunno da miƙewa, rataya, mirginawa ta kafaɗa a kan tsohuwar katifa, tsalle daga zanen alli zuwa zanen alli. Ba zai hau abin da ya fi bulo ɗaya tsayi ba. Ya ɗaga hannu ya rantse, yana dariya.

Da safiyar nan ta ji wani sauti da ba ta sani ba, kamar an yar da buhu, sai ƙarar ƙarfe. Sai shiru.

"Auta?"

"Na'am, Ummi. Mafi mushkila, ba komai."

Da hantsi ya sauko karin kumallo. Ta ajiye masa ful, dafaffen wake, da gurasar tamis, ya gutsura kaɗan ya ture.

"Yau rarrafen bai ba ka yunwa ba?" in ji ta. "Na yaye ka da ƙyar, ga gemu ya fito, ka koma rarrafe."

"Tamrin ne, Ummi, motsa jiki, ba rarrafe ba."

"Ko da wane suna Larabawanka suka raɗa masa, ni dai rarrafe nake ji."

Ya yi murmushi, ya ce shayi kawai zai sha.

Bayan Azahar ya kwanta. Da La'asar ya tafi unguwar Jarwal, inda yake ɗaukar wa alhazai jakunkuna a wani masauki, domin lokacin cikowar baƙin Hajji ne, ba a fashi. Da Magariba ya dawo yana hawa matakala a hankali, hannun dama a kan kafaɗar hagu.

"Nan ne ke ciwo," ya ce.

Murja ta duba. Ba kumburi, ba ƙwarzane. Ta ce ai dole, yaron da ke mirginawa a kan kafaɗa kullum. Ta gasa masa da ruwan zafi, ta shafa man zafi. Malam Abdurrahim ya tsaya a ƙofa yana kallon fuskar yaron.

"Maman Shatu, kin ga leɓensa kuwa? Ya yi fari."

Ta gani. Ta gani tun kafin ya faɗa. Amma makon nan ana tare hanyoyi ana duba takardu saboda Hajji ya matso, kuma shekaranjiya aka kama wani maƙwabcinsu tela aka yi gaba da shi. Idan aka tambayi yaron iƙama, daga shi za a zo kan uban, daga uban a zo kanta, har kan yayarsa Shatu da ke aure a lungun baya da goyo. Babu wanda ya furta wannan. Sabitu ne ya riga su.

"Baba, halas, shi ke nan, ba inda za ni. Targaɗe ne."

Gari na wayewa aka kira Ɗanjuma mai ɗori, wanda ya gyara ƙasusuwan rabin unguwar ba tare da ya tambayi kowa takarda ba. Ya murza kafaɗar, ya ɗaga hannun ya sauke.

"Malam, ƙashin nan lafiya lau yake. Wannan ba aikina ba ne."

Sabitu yana ta neman ruwa. Ya sha, ya sake nema. Goshinsa ya yi sanyi, ga gumi. Da ya miƙe zai shiga banɗaki, sai ya sulale a jikin bango. A nan Murja ta yafa abayarta ta ce a nemo mota, duk abin da zai faru ya faru.

A motar, kansa yana kan cinyarta, ya gaya mata. Tankin ruwa ne ya yi yoyo a rufin, ƙafarsa ta zame wajen sauka, ya bugu da haƙarƙarin hagu a ƙafar ƙarfen tankin. Bai faɗa ba, don kada ta ce a tafi asibiti, kada kuma ta hana shi hawa.

"Bulo ɗaya ne, Ummi. Wallahi ban ƙara ba."

"Na sani. Yi shiru."

A ƙofar asibitin aka ɗora shi a kan gado mai taya aka ruga da shi ciki. Babu wanda ya tambaye su takarda a lokacin. Daga baya likitan ya fito ya yi musu bayani a hankali: saifarsa ce ta tsage, jini ya kwana yana zuba a cikin cikinsa, kuma ciwon irin wannan yakan bayyana a kafaɗar hagu. Ya ce sun yi abin da za su iya. Murja ta tambaye shi, da jiya aka kawo shi fa? Ya dube ta, ya ce komai da lokacinsa.

Washegari aka yi masa salla a Harami tare da sauran mamatan ranar, cikin dubban alhazan da ba su san sunansa ba. Ba a kori kowa na gidan daga ƙasar ba.

Bayan Hajji suka tattara kayansa a tsakiyar ɗaki. Ba su da yawa. Malamin unguwa ya ce ko allura mamaci ya bari gado ce, sai dai magada su yarda su bayar, suka ce sun yarda. Rigar aiki Malam Abdurrahim ya mayar Jarwal. Wayar Shatu ta ɗauka, har yanzu ba ta kunna ba. Jallabiyoyinsa aka raba wa wasu samarin Nijar da suka yi aikin shara a Arfa. Sauran tufafin da takalma biyu Murja ta wanke, ta ninke su a jaka, ta ba wata Hajiya Ramlatu da za ta koma Kano, ta kai wa 'ya'yan ƙanenta, waɗanda ba su taɓa ganinsa ba.