Ranar da Busasshe Ya Jiƙe

Katanga ɗaya ce tsakanina da Seu Durvalino, wato Malam Durvalino, a unguwarmu ta Ponte Branca, ita ma iya ƙugu ta tsaya, don haka babu abin da za a soya a gidansa ban ji ƙamshinsa ba. Shi ne uban baftismar 'yata ta fari, shi ya sa nake ce masa kumpadire. In kuma tsokana nake ji, sai in ce Busasshe. Ni na raɗa masa sunan, unguwa ta karɓa hannu biyu.

Shekara ashirin da shida ke nan yana ɗaukar baƙi masu yawon buɗe ido a jif. Tsohuwa ce koriya, bayanta a buɗe, da benci biyu suna kallon juna. In ya tashe ta da safe tana yin tari kamar mai shan taba, amma ba ta taɓa barinsa a hanya ba. Yakan gangara garin Paraty da ke bakin teku ya kwaso mutum takwas, ya hau da su dutse ta hanyar laka, ya kai su matsirgar ruwa biyu su yi wanka, su ci wake da shinkafa da garin rogo, sannan ya ƙare da su a gidan giyar rake na Seu Aristides. Wannan jerin ba ya canzawa: ruwa tukuna, kashasa, wato giyar raken, daga baya. Wani baƙo ya taɓa roƙon a fara da kashasar don a ji ɗumi kafin ruwan sanyi. Durvalino ya ce, "Ranka ya daɗe, duwatsun nan wanda bai sha komai ba ma kayar da shi suke yi."

Shi ba ɗan bakin teku ba ne irina. Daga bayan dutse ya zo, wajen Cunha. Ubansa mai alfadarai ne, yakan sauko da cuku da wake, ya koma da gangunan kashasa. In ayari ya zo ƙetare kogi, aikin Durvalino ɗaya ne: ya hau dutse mafi tsawo, ya juya wa ayarin baya, ya zuba wa saman kogin ido. Don kan ruwa ba ya sallama. Ruwan sama sai ya zuba can ƙololuwa, mu nan ƙasa rana tana ƙwallewa, sai kogi ya taso gaba ɗaya da itatuwa da laka. Ubansa ya ce masa, "Kada ka kalle mu. Ka ga ruwa ya fara launin shayi, ka ga ganye suna gudu, ka buɗe baki."

Alfadarai sun ƙare, titi ya zo, ya koyi tuƙi, ya auri Dona Zulmira, wato Uwargida Zulmira, amma wannan tsayuwa ba ta bar shi ba. Da ya sauke baƙi a bakin matsirga, sai ya nuna musu da doguwar gorarsa: "Nan ku yi tsalle, zurfin mutum biyu ne. Can kada wanda ya kuskura, akwai dutse a kwance." Duk Litinin yakan zo shi kaɗai ya auna gurbin wankan da gorar nan, ko yashi ya cike wani wuri. Yana gama bayani sai ya haye dutsensa da malafa da dogon wando da usur a wuya. Sau huɗu na ji usur ɗin nan da gaske, don ni a bakin hanyar nake matse ruwan rake ina soya rogo. Duk sau huɗun, mutane suna gama fitowa suna ƙorafin an katse musu wanka, sai ga jan ruwa ya rufe inda suke.

Baƙi kan tambaye ni, "Shi jagoran ba ya shiga?" Ni kuma sai in rage murya in ce, "Wannan? Da ƙuruciya daga tashar jiragen ruwa yake iyo har tsibiri, ya ci abinci ya dawo. Ruwa ne ya ishe shi." Ƙarya ce na shirya, na san ƙarya ce, amma a raina na ɗauka gashin bakinsa yake tattali, don yana shafa masa mai.

Bara ne ƙungiyar masu jif ta zauna ta ce duk mai kai baƙi ruwa sai ya samo takardar 'yan kwana-kwana: ya ƙetare gurbi da iyo ya dawo, yana jan robar ceto. Aka ba su mako shida. Wanda bai samu ba, ya kai baƙi gidan giya kawai, ko ya ajiye makulli.

Kwana uku ban ji tarin jif a kan lokaci ba. Rana ta huɗu da safe ina wanke injin rake, sai ga malafa ta leƙo ta kan katanga.

"Nivaldo."

"Busasshe! An tashi lafiya? Ko gashin bakin ne ba shi da lafiya?"

"Ka rage murya. Magana zan yi da kai, amma ka rantse da uwarka."

"Uwata ta gaji da rantsuwata, amma faɗi."

Ya duba hagu, ya duba dama, har ya duba kajina. Ya ce, "Ban iya ba."

"Me?"

"Ruwa. Ban taɓa shiga ya wuce gwiwata ba."

Allah ya sani na yi ƙoƙarin danne dariya. Na cije leɓe, na kalli sama, na tuna ranar da aka binne kakata. Bai yi amfani ba. Sai da na zauna a ƙasa ina riƙe da ciki. Da na ɗago na ga bai yi fushi ba, kuma abin da ya tsayar da dariyata ke nan. Mutumin da ko kallon banza ka yi wa jif ɗinsa sai ya zage ka, yana tsaye yana murza bakin malafa.

Ya ce, "In suka hana ni ruwa, wa zai tsaya a kan dutsen? Yaran nan waya suke kallo."

Na ce, "Kumpadire, shekara ashirin na yi a kwalekwale kafin gwiwa ta kore ni. Na koya wa 'ya'yana, na koya wa karena. Kai ma ba za ka gagara ba."

A kogi ba zai yiwu ba, kowa zai gani. Sai muka je wa Seu Aristides. A bayan gidan giyarsa akwai tankin siminti da ke tara ruwan dutse, wanda ke juya wilin matse rake ya kuma sanyaya bututun tukunyar jan ƙarfe ta dafa giya. Iya ƙirji yake. Tsohon ya saurare mu har ƙarshe, ya shiga ciki, ya fito da jarka biyu marasa komai da igiya. Ya ce, "Ɗaura masa a hammata." Ya juya ga Durvalino. "Kai kuma ka ji. Sai dai, ɗana, ruwan nan tukunyata yake zuwa. Abin da ka shiga da shi a cikinka, ka fita da shi."

Haka muka fara, kullum da sassafe kafin ya gangara ɗaukar baƙi. Seu Aristides yakan jawo kujera, ya tsiyaya kashasa a ɗan kofi, ya zuba rabon waliyyi a ƙasa kamar yadda masu sha suka saba a nan, ya ce yau waliyyin yana da aiki. Ranar farko Durvalino ya riƙe bakin tanki kamar an manna shi. Na ce ya sa fuska a ruwa ya hura, ya ce shi ba agwagwa ba ne. Mako na biyu ya saki hannu ɗaya. Mako na uku na zare jarka ɗaya bai sani ba, ya rinƙa zagaye wuri ɗaya kamar jirgi mai filafili guda, yana tambayata me ya sa bango ba ya matsowa. Ya sha ruwan tankin nan har Seu Aristides ya ce wili ya rage gudu.

Babban tsoronsa kuwa kada Dona Zulmira ta ji. Yakan shanya ɗan kamfansa a gidana, ya goge gashi sosai kafin ya shiga gida. Ran nan ta kira ni ta kan katanga, ta miƙo mini wani abu a nannaɗe. Gajeren wando ne ruwan ƙwai, sabon ɗinki.

Ta ce, "Ka ba abokinka. Kullum yana dawo mini yana warin tsamin rake da kunne cike da ruwa."

Na ce, "Kumadire," don haka ake kiran matar kumpadire, "ashe kin sani?"

"Nivaldo, shekara talatin da huɗu. Duk ranar da muka je bakin teku sai mura ta kama shi a mota, mu dawo gida ta sake shi. Ni jaka ce?"

Ni dai ban faɗa wa kowa ba sai matata. Ita ma ta ce ƙanwarta kawai ta faɗa wa. Yadda aka yi ranar gwaji rabin Ponte Branca suka hallara a bakin matsirga da kujeru da kuloli, ni ban sani ba. Na dai sayar da rogo sosai.

Wadda ta zo gwajin daga 'yan kwana-kwana wata Saja Cleide ce, yarinya ce a kanmu, ga faɗin kafaɗa, ba ta dariya. Direbobi goma sha ɗaya suka shiga suka fita ɗaya bayan ɗaya. Aka kira Durvalino. Ya cire malafa, ya cire usur, ya cire dogon wandon nan, sai ga ƙafafu farare tas kamar rogon da aka fere. Wani ya yi fito. Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye.

Ya ɗauki robar ceto, ya taka har bakin ruwa, ya tsaya. Muka jira. Bai motsa ba.

Saja ta ce, "Seu Durvalino, lokaci yana tafiya."

Na matso na ce masa a kunne, "Kada ka kunyata ni. Tankin ne dai, an ƙara masa faɗi."

Ba ruwan yake kallo ba. Dutsensa yake kallo. Ya ce, "Babu kowa a sama."

Saja ta ce, "Sama garau take, babu hadari ko kaɗan."

"'Yata, nan ne garau. Kin ga abin da ke bayan dutsen can? Sa'ad da sauran suke ciki ni ina kallo daga nan. Yanzu wa ke kallo? Ba na shiga."

Na ɗauka dabarar gudu ce. Saja ta ɗaga biro za ta rubuta, ni kuma na san in ta rubuta shi ke nan. Sai na ji an ture ni gefe. Dona Zulmira ce. Ta sunkuya ta ɗauki malafar ta kifa a kai, ta rataya usur, ta tattare siket, ta kama hawan dutsen nan da hannu da gwiwa, mace mai jika biyar. Da ta kai sama ta tsaya tana haki, ta juya mana baya.

Durvalino ya ɗaga murya, "Launin shayi, Zulmira! Da ganye!"

Ba ta waiwayo ba ta ce, "Shekara nawa kana faɗa mini a kan abinci? Shiga, malam!"

Ya shiga.

Ba zan yi muku ƙarya ba, abin ba kyan gani. Karena ya fi shi tsari. Kai a sama, gashin baki a gaba, hannuwa suna tono kamar mai neman abin da ya faɗi a yashi. Amma yana tafiya. Ya taɓa dutsen ƙetare, ya juyo. A tsakiya, daidai inda shi da kansa yake cewa zurfin mutum biyu ne, sai ya tuna. Na ga idonsa ya fito. Ya kurɓi ruwa, ya nutse, ya ɓullo, ya tsaya wuri ɗaya yana dukan ruwa. Saja ta cire takalmi. In ta shiga ta taɓa shi, ya faɗi.

Na haɗa hannu a baki na ce, "Busasshe! Ka nutse hankali kwance, jif ɗin tawa ce! Ja zan yi mata fenti in rinƙa ɗaukar aladu!"

Kansa ya juyo wajena. Ya tofar da ruwa ya ce, "Uwaka, Nivaldo!" Ya taho. Ban taɓa ganin mutum ya yi iyo da zuciya zalla ba sai ranar. Bai tsaya ba sai da ya kama idon sawuna, ya fizge ni na faɗa ciki da rigata da kuɗin rogo da komai.

Wurin ya kaure da ihu. Seu Aristides, da aka kawo shi a kujerar gaba ta jif, ya buɗe kwalbar da ya ce tun haihuwar jikarsa take cikin ganga, ya zuba wa waliyyi har sau biyu. Saja Cleide ta sa hannu a takarda ta ce, "A aikina ban taɓa ganin iyo mai muni irin wannan ba. Amma iyo ne." Ita kuwa Dona Zulmira ba ta ga komai ba. Sai da mijinta ya fito ya kira ta sannan ta juyo, ta ce, "To? Ka mutu ko kana nan?"

Yanzu in kun bi jif ɗinsa ba za ku ga bambanci ba. Yana nan a kan dutse da malafa da dogon wando, a bushe ƙayau, takardarsa a cikin leda a aljihu. Litinin ce ta canza. In ya gama awo da gora, sai Dona Zulmira ta hau sama da malafar, shi kuma ya faɗa ruwa da wandonsa ruwan ƙwai, ya ƙi fita. Makon jiya sai da ta busa usur da ƙarfi, ya fito a guje yana zamewa, yana duban saman kogi. Ta ce masa wake ne ta bari a kan wuta.

Na so in canza masa suna, na kawo guda uku masu kyau. Unguwa ta ƙi.