Injin da Doyle Ya Bari

Shekara ashirin da biyu ke nan ina zaune a 'yar rumfar ƙarshen filin tseren motoci na garinmu, a jihar Karolina ta Arewa, ina miƙa wa direbobi takardar lokacinsu. Na ga masu cika baki iri-iri, na ga waɗanda suka zo da ƙura suka koma gida ana jan motarsu. Amma in ka tambaye ni wa ya san mota a filin nan, ba namiji zan nuna maka ba. Verlene Hobgood zan nuna maka, ƙawata, mai shekara saba'in da ɗaya, wadda ta yi ritaya daga tuƙin motar 'yan makaranta.

Ita ba ta taɓa shiga tsere ba. Mijinta Doyle ne direba. A farkon aurensu inji biyu ya kashe cikin shekara guda, don duk baƙin man da hannunsa ya kai shi yake zubawa. Ranar da na biyun ya buga ta ce masa, "Daga yau kai ka tuƙa, ni in shayar." Tun ranar baƙin mai ya zama aikinta. Bayan kowane tsere sai ta cire filtar mai, ta yanka, ta baje takardar cikinta a rana tana neman ɓurɓushin ƙarfe. Takan ce inji ba ya mutuwa sai ya yi sallama, mutane ne ba sa dubawa.

Doyle ya rasu shekara uku da suka wuce. Abin da ya bari shi ne jar motarsa da injin da ya haɗa da hannunsa, haɗi irin na da, mai sarari tsakanin ƙarafa, wanda ba abin da ke riƙe shi sai mai mai kauri. 'Yarsu Marlys ta karɓi sitiyari. Duk sanda aka tayar da motar, Verlene sai ta ɗora tafin hannunta a kan bonet, ta ce tarin injin sak irin na Doyle da safe. Kowa ya san in injin nan ya buga babu wani, ko da an sayo sabo.

Sai ga Trent, mijin Marlys. Mutumin kirki ne, ba na ɗaukar alhakinsa, sai dai duk iliminsa na mota a waya ya samo shi, abin da ke ƙona mini rai ke nan.

"Mama, wannan man naki ai zuma ne," in ji shi. "Manyan direbobi duk tsinkakke suke zubawa. Inji ya sha iska, mota ta tashi."

"Manyan direbobi suna da inji goma a gareji, ɗan nan. Mu guda ne."

"Sau ɗaya dai, a gwada."

"Ka gwada a injin yankan ciyawarka."

Tserenmu ba na wanda ya fi gudu ba ne kawai. Kowa yakan rubuta a gilashinsa, da farin man takalmi, daƙiƙar da motarsa za ta yi. In ka yi sauri fiye da abin da ka rubuta, ka faɗi, ko da kai ka riga kowa isa. Motar Doyle shekara da shekaru 6.80 take yi, kamar agogon coci.

Wata Asabar ta watan Yuli, rana na dukan tsakar ka, aka gama gwajin safe lafiya. Verlene ta zo rumfata muka ci soyayyar kaza da sanyin shayi, muna gulmar sabon fasto. Ashe a lokacin nan Trent yana ƙarƙashin mota, ya juye man Verlene ya zuba nasa. Ko matarsa bai gaya wa ba, wai zai ba ta mamaki.

Ya kuwa ba ta. Fitila ta yi kore, Marlys ta taka totur, ta bar abokin karonta a baya. Takarda ta fito a hannuna: 6.77, alhali 6.80 ta rubuta. Ta riga isa, amma ta faɗi tun zagayen farko. Na miƙa wa Verlene takardar, ta kai ta har kusa da hancinta, ta daɗe tana dubawa.

"Wani ya taɓa mini mai," ta ce.

Na bar rumfar na bi ta, don ba a ba ni labarin irin wannan. Muka tarar Marlys ta jefar da hular kwano tana zazzaga wa mijinta masifa.

"Gudu na ce maka ina nema? Sauri ya haifi nawa, ka gani ai! In injin Baba ya mutu, ka nemi inda za ka kwana!"

Trent ya yi tsuru-tsuru. Ni kam na so Verlene ta wanke shi tas, har na gyara tsayuwa. Amma sai ta jira inji ya huce, ta cire filta, ta yanka, ta baje takardar a kan farin ƙyalle. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar.

Ta duba, ta juya takardar, ta sake dubawa. Can ta ɗago.

"Trent, zo nan. Me ka gani?"

"Mama, don Allah ki yafe mini, ni dai…"

"Ba wannan na tambaye ka ba. Idona ya daina ganin ƙananan ɓurɓushin nan tun bara. Kunya ta hana ni faɗa. Duba mini."

Ni da muke tare kullum ban sani ba. Trent ya durƙusa, ya karkata takardar wajen rana.

"Akwai ƙyalli kaɗan. Kamar gishiri, ƙwaya biyar ko shida."

"Fari ko ja?"

"Fari, Mama. Babu ja."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta zauna daɓas a kan taya. "To boris ne ya fara gogewa, bai kai ciki ba, da ya kai da ja za ka gani. Za a canza shi. Da yarinyar nan ta ci, ta sake zagaye uku da wannan ruwan, da yau mun binne Doyle karo na biyu."

Marlys ta fashe da kuka, ni ma na share nawa, ba zan ɓoye ba.

Sati uku bayan nan aka tayar da motar, ta yi tarinta na kullum, ta koma 6.80. Har yau Verlene ce ke zaɓen mai, mai kaurin nan dai. Amma Trent ne ke yanka filta, yana faɗa mata abin da ya gani, ita kuma tana faɗa masa ma'anarsa. Makon jiya na ji wani sabon direba yana yi masa wa'azin tsinkakken mai. Trent bai ko ɗago kai ba.

"Ka gwada a injin yankan ciyawarka," ya ce.