Karsanar da Na Sayar Na Haɗa Kwamfuta

Tun ina ƙarami nake tsoron kayan wuta. Ko ƙwan fitila ne ya mutu a ɗaki, sai na kashe wutar gidan gaba ɗaya kafin in taɓa shi. Shi ya sa har yau abokan aikina a sakandaren da nake koyar da lissafi a Tudun Wada suke mamakin wai ni ne na haɗa kwamfuta da hannuna.

Daga ƙafata abin ya samo asali. Babur ya kayar da ni a hanyar Yako, na karye a cinya, na yi watanni a kwance. Kafin nan ni ɗan ƙwallo ne, baya nake tsarewa. Da na tashi ƙafar ba ta koma daidai ba, likita ya ce in haƙura da fili. A kwanciyar nan na koyi buga ƙwallo a waya. Ina bugawa ina sharhi da bakina kamar na rediyo, masu zuwa dubiya suna ta dariya. Wata rana malamin Turancin makarantarmu ya nuna mini masu buga irin wasan a kwamfuta, suna watsa shi kai tsaye a intanet, jama'a na kallo suna rubuto musu magana. Ya ce shi dai bai taɓa cin karo da mai yi da Hausa irin yadda nake yi ba. Maganar ta zauna mini a rai.

Da na bincika sai na ga irin kwamfutar da za ta ɗauki wasa da watsawa lokaci guda ta fi ƙarfina idan haɗaɗɗiya zan saya. Mai sauƙin ita ce mutum ya sayi kayan ɗaya bayan ɗaya ya haɗa da kansa. Na yi kusan wata biyu ina kallon bidiyon masu haɗawa, ina rubutu a bayan littafin tsara darasi. Na haddace sunayen: furosesa, wadda ita ce ƙwaƙwalwar injin; madabod, faifan da komai yake hawa kansa; ram, mai riƙe aikin da ake ciki na ɗan lokaci; katin girafik mai fitar da hoto; fawa mai raba wuta; sai ma'ajiyar bayanai da akwatin da za a zuba su, da allon kallo. Amma kullum na ƙara sani sai tsorona ya ƙaru. Ashe ba kowace furosesa take hawa kowane madabod ba, ba kowane ram yake shiga ba. Kowane bidiyo kuma da gargaɗinsa. Wannan ya ce idan ɗan siririn haƙori ɗaya ya lanƙwashe a gurbin furosesa, faifan ya tashi aiki. Wancan ya ce fawa marar kyau tana iya ƙone duk abin da ke cikin akwatin. Sau uku ina yaga takardar ina sake rubutawa.

Albashina ba zai yi ba. Abin da na mallaka dabbobi ne. Mahaifiyata Bafillatana ce daga wata ruga a bayan duwatsun Doguwa, kuma ranar sunana kakana ya ba ni saniya. Zuriyarta tana hannun kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi yake kiwonsu tare da nasa. Na hau acaɓa na bi hanyar daji na same shi a gona yana noman masara. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, na sha fura, na tambayi kowa da kowa har da waɗanda ban sani ba, don dai in ja lokaci. Da na faɗi abin da ya kawo ni, cewa karsana ɗaya nake so in sayar, sai ya kama kankare ƙasar jikin fartanya da tsinke.

"Abin da za ka saya ɗin nan, yana haihuwa?" ya tambaye ni.

Na ce masa a'a. Ya tambaya ko yana daɗewa, na ce idan an kula da shi. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi dabba tawa ce, ba zai hana ni ba. Ranar kasuwar Tudun Wada ya kawo karsanar da kansa, wata fara mai baƙin kunne, ya yi cinikinta ina tsaye can gefe na kasa kallon lokacin da ake ɗora ta a mota. Da muka gama sai ya ce ranar da zan shiga birni in faɗa masa, tare za mu je, domin idan abin ya lalace shi 'yar'uwarsa za ta tambaya.

Ban so zuwansa ba. Ina jin kunyar shiga shagon kwamfuta da dattijo mai malafa da sanda. Amma ba ni da bakin hana shi.

Shagon yana wani lungu a kasuwar kayan waya, ɗan ƙarami, cike da kwalaye har rufi. Mai shagon matashi ne sa'ana, mai saurin magana. Ya karɓi takardata ya karanta, bai kai ƙarshe ba ya ɗauki biro ya soke layi ɗaya. Ya ce ram ɗin da na rubuta tsohon samfuri ne, ba zai shiga madabod ɗin da na zaɓa ba, ko da guduma. Wata biyu ina nazari, ga kuskure a layi na uku. Daga nan na daina yarda da kaina, duk abin da ya faɗa sai in gyaɗa kai.

Da muka zo kan katin girafik sai ya ce in bar wanda na rubuta, yana da wanda ya fi shi nesa ba kusa ba. Ya jawo wani ƙato mai fanka uku daga ƙarƙashin tebur, ba kwali. Na hannu ne, in ji shi, amma kamar sabo, kuma farashinsa bai kai na ƙaramin da na rubuta ba. Na san sunan katin, na sha ganinsa a bidiyo, ban taɓa tsammanin zan riƙe shi ba. Zuciyata tana so, amma na ji an ce akwai katunan da aka gama tatse su a ƙasashen waje kafin a shigo da su. Na so in ce a gwada, amma ina tsoron kada ya ga kamar na ce masa macuci. Har na buɗe baki zan ce a sa mini a leda.

Kawu yana zaune a kan benci tun shigowarmu. Sai ya tambaye ni da Fulatanci ko wannan ne mafi tsada a cikin kayan. Na ce shi ne. Ya juya wajen mai shagon.

"Ɗana, a tashe shi mu ga tafiyarsa. Ba na sayen abu a kwance."

Mai shagon ya yi dariya ya ce ba komai, Baffa. Ya sa katin a wata kwamfutar gwaji, ya kunna wasan tseren mota. Hoto ya fito tas, har ana ganin ɗigon ruwa a jikin gilashi. Bayan 'yan mintuna ya kai hannu zai kashe, kawu ya ce a bar shi tukuna, ba sauri muke ba. Aka kira azahar, muka je muka yi salla muka dawo, wasan yana ta gudu. Ina zaune kamar a kan ƙaya, ina ganin mun tsare wa mutum shago. Can sai fankokin suka fara ƙara kamar injin niƙa. Wasu korayen layuka suka tsaga hoton, allon ya yi baƙi, kwamfutar ta mutu. Mai shagon ya taɓa katin ya janye hannu da sauri.

Ya rantse bai sani ba, cikin kayan da aka kawo masa a dunƙule ya zo. Har yau ban san gaskiyar wannan ba. Abin da na sani shi ne daga nan ya rage saurin magana. Ya ɗauko ƙaramin katin da na rubuta, sabo a kwalinsa. Ya tambaye ni yadda wutarmu take a Tudun Wada, na ce wani lokaci ta zo da ƙarfi har ƙwan fitila ya fashe, wani lokaci ko fanka ba ta juyawa. Sai ya soke akwati mai fitilu kala-kala da na rubuta, ya ce in ɗauki baƙi marar ado, in ƙara rarar kuɗin a kan fawa mai kyau da sitabilaiza. Na ji zafin rabuwa da fitilun nan, amma na yarda. Ya rubuta mini lambarsa a bayan rasit.

A mota na ƙi yarda a sa kwalin da aka haɗa mini kayan a ciki a but. A cinyata na ɗora shi, a kan ƙafar da ta karye, na rungume. Duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar wani abu ya ɓalle a ciki. Mun wuce Kwanar Ɗangora ruwa ya tsinke, tagar gefena kuma ba ta rufuwa sosai. Na cire rigata ta sama na lulluɓe kwalin, na iso gida ina rawar sanyi. Kawu ya kwana, da sassafe ya wuce ruga.

Kwana biyu kwalin yana ƙarƙashin gado ban buɗe ba. Ranar Asabar da hantsi maiɗakina ta ce ko in haɗa ko in mayar, ta gaji da ganina ina leƙa ƙarƙashin gado. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki, ta riƙe mini waya da bidiyon, tana tsayar da shi idan na ce. Na wanke hannu na goge har sau biyu. Na ɗauko furosesar, 'yar ƙarama ce, ba ta kai akwatin ashana ba. Ina sauke ta a gurbinta ta suɓuce daga yatsuna ta faɗa a karkace, na ji wata 'yar ƙara. Na ɗago ta na haska gurbin da tocila. Haƙoran suna da yawa, sun yi ƙanana, idona ya kasa bambance miƙaƙƙe da lanƙwasasshe. Na mayar da ita a hankali na danne ƙarfen da ke kulle ta, ban gaya wa maiɗakina abin da na ji ba.

Sai bayan la'asar muka gama. Wuta tana nan. Na yi bisimilla na danna maɓalli. Fankoki suka juya, wata 'yar fitila ta kama a ciki, amma allon bai nuna komai ba. Na kashe na kunna, na sake kashewa na kunna. Baƙi ƙirin.

Kwana uku na yi a wannan hali. Ina shiga aji in rubuta lissafi a allo in manta inda na tsaya. Abinci ba ya shiga. Na tabbatar wa kaina cewa ni na kashe faifan da hannuna, kuma ba mai karɓar kayan da mutum ya lalata da kansa. Ina ta tsara yadda zan je gaban mahaifiyata. Lambar mai shagon tana aljihuna, amma na kasa kira, domin muddin ban kira ba akwai sauran fata. A rana ta uku maiɗakina ta zare rasit ɗin daga aljihun rigata, ta danna lambar da kanta, ta miƙo mini wayar tana ringin.

Na gaya masa komai, har da suɓucewar. Ya saurara bai katse ni ba, sannan ya ce in ɗauki hoton bayan akwatin in tura masa. Ba a jima ba ya kira.

"Malam, wayar allon a ina ka soka ta?"

Na ce a ramin da na gani a sama. Ya ce wannan na madabod ne, kuma furosesar da na saya ba ta fitar da hoto da kanta. In duba ƙasa, a jikin katin girafik, akwai wani ramin irinsa, watakila ma da ɗan murfin roba a bakinsa. Na duba, ga murfin nan. Na cire, na mayar da wayar allon can, na danna maɓalli. Rubutu ya fito fari a kan allo. Na zauna a ƙasa, wayar salula tana kunnena, shi kuma yana ta tambaya ko ya kawo.

Watsawar farko da na yi, wata Juma'a ce da yamma. Sabis ɗin unguwarmu ba shi da ƙarfi, sai da na rataye wayar da ke ba ni data a jikin taga. Mutum tara ne suka shigo kallo, na san shida daga cikinsu. Muryata ta yi ta rawa da farko, har sai da na ci ƙwallo ɗaya sannan bakina ya saki. An kusa tafiya hutun rabin lokaci na ji rugugi daga wajen Doguwa, iska ta fara kaɗa labule. Ban yi wa kowa sallama ba. Na kashe kwamfutar, na zare duk wayoyin daga bango, na ja teburin nesa da taga. Ruwan ma bai sauka a garinmu ba ranar, ya zagaye ya wuce.

Washegari na tarar da saƙo daga wani wanda ban sani ba, ya ce daga Kiru yake kallo, yana tambaya ko lafiya, kuma nawa da nawa aka tashi. Na rubuta masa cewa hadari ne ya taso. Ya ce to in riƙa farawa da wuri kafin damina ta wuce.