Gyaɗar da Kaka Ta Aika Amurka

A gidanmu na unguwar Mansur a Makka, takardar da ke ɗauke da rubutun Larabci ba ta zama a ƙasa. Dokar kakata ce, mahaifiyar babana, kuma ba a ɗaukaka ƙara. Ita ba ta iya karatu ba, surorin sallarta ma da ka ta riƙe su, amma ta yi imani cewa duk abin da aka rubuta da haruffan Alƙur'ani ba a taka shi, kuma ba ya ƙarya. A Makka kuwa har kwalin sabulu da Larabci yake zuwa. Shi ya sa saman kabad ɗinta ya cika da buhunan shinkafa da kwalayen maganin sauro, duk a ninke cikin mutunci.

A wannan gida na shigo da wani tsohon littafin Amurka da aka fassara zuwa Larabci, ina 'yar ƙaramar sakandare. Labarin wani yaro ne marar jin magana, a wani gari na bakin babban kogi. Har yau ana sayar da shi. Bana ma ɗana ya karanta shi a waya yana ta ƙyaƙyata dariya, shi da bai taɓa ganin ruwa mai gudu ba sai na famfo da ambaliyar da kan share mana titi in an yi ruwan sama. Ni ma a lokacin kogin ne ya ja ni.

Ina kwance a tsakar ɗaki, ƙafafuna a jikin bango, littafin ya suɓuce ya faɗi. Kaka ta gani.

"Ke! Littafi ne a ƙasa? Kuma a kwance kike karanta shi? Da alwala ma kuwa?"

"Ya sitti, kakata, ba na addini ba ne. Labarin wani yaro ne a Amurka."

"To me ya yi har malamai suka rubuta shi? Tashi zaune ki faɗa mini da Hausa."

Sana'ar Kaka sayar da soyayyar gyaɗa ce a bakin layinmu, kuma bayan la'asar take zama ɓara ta gobe. Nan muka mai da wurin karatu. In karanta da Larabci, in juya mata da Hausata ta 'yan Makka, wadda ke ɗingishi tana dafa Larabci. Kaka na ɓara, tana gyara mini Hausa, tana kuma yanke wa yaron hukunci.

"Waye ubansa?"

"Maraya ne, wata 'yar'uwarsu ke riƙonsa."

"Allah sarki baiwar Allah, ta haɗu da aiki."

Da ya tsere daga makaranta, ta ce wannan ya wuce bulala, rubutu za a yi masa a wanke ya sha. Da ya shara ƙarya aka yarda, ta yi salati, sannan ta yi dariya har gyaɗa ta zube, sannan ta harare ni don kada in ɗauka ta goyi bayansa. Kullum sai ta tambaya ko yana salla. Kullum in ce littafin bai faɗa ba, ita kuma ta ce ai ga alama nan.

Ranar da muka zo inda yaron ya bar gida ya bi kogi, hannun Kaka ya tsaya a cikin faranti. Ni na san dalili, don kowa a gidan ya sani. Tana yarinya suka taso daga ƙasar Hausa da iyayenta, a ƙasa, suna tafe suna yada zango. Da suka kai kogin Nilu a Sudan, ƙanenta, wanda shi ma bai taɓa jin magana ba, ya ga jirgin ruwa ya bi masu shi. Suka jira, suka nema, har ayari ya gaji ya tashi da su. Tun daga nan, duk shekara in alhazai suka cika gari, Kaka takan yafa mayafinta ta bi masaukansu na unguwar Jarwal ɗaya bayan ɗaya tana cigiya. Takan kwatanta shi da tabo a goshi da wushirya, kamar har yanzu yaron da ta sani ne, alhali in yana raye haƙoran ma ba lallai suna nan ba.

"Ci gaba," ta ce.

Na ci gaba. Yaron littafin ya sha yawonsa, mutanen gari suka fid da rai, sai ga shi ya dawo gida da ƙafarsa, ko kunya babu. Kaka ta ɗaga hannu biyu ta yi hamdala kamar an yi mata albishir da haihuwa. Ta sa na maimaita wurin. Washegari ma ta sa na maimaita. Daga ranar littafin ya samu ƙarin girma, ya hau saman kabad, bisa buhunan shinkafa. Na san ƙagaggen labari ne, malamarmu ta faɗa mana. Amma na ga yadda fuskarta ke washewa in yaron ya shigo gida, sai na ja bakina.

Da aikin Hajji ya zo, ni ta ɗauka rakiya zuwa Jarwal, da ƙunshin gyaɗa a jaka don raba wa baƙi. Mun sha "Allah Ya bayyana shi, Hajiya" har ƙafafuna suka yi tsami. A ƙofar wani masauki muka ga wani baƙin mutum dogo, mai furfura a gemu, yana shan iska. Kaka ta ce wannan ko ba a faɗa ba Bagobiri ne. Ta tsaya ta zuba masa gaisuwa, ta tambayi gajiya, ta tambayi mutanen gida, ta tambayi damina. Shi kuwa sai murmushi yake yi yana dafa ƙirji. Can ya buɗe baki da Larabcin littafi, irin na huɗubar Juma'a, ya ce shi daga Amurka ya zo.

Kaka ta damƙi hannuna. "Amurka ya ce? Tambaye shi yaron nan."

"Ya sitti, wallahi aib ne, abin kunya."

"Kunyar me? Cigiya muka fito."

Na sunkuyar da kai na ambaci sunan yaron, ina fatan ƙasa ta tsage. Mutumin ya dube ni, ya dubi Kaka, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce ai babu gidan da ba a san shi ba a ƙasarsu. Ubansa ya san shi, shi ya san shi, 'ya'yansa ma sun san shi.

"Kin ji ko?" in ji Kaka. "Tambaye shi ya natsu? Ya yi aure?"

Mutumin ya share hawayen dariya ya ce ina, yana nan yadda yake, bai girma ba, bai kuma daina ɓarna ba.

Kaka ta riƙe haɓa. Ta ce laifin dangi ne, yaro kamar wannan mata ake nema masa da wuri. Sannan ta zaro ƙunshin gyaɗa mafi girma ta miƙa masa. "Ki ce ya kai wa matar da ke riƙonsa. Ya ce wata 'yar'uwarta a Makka tana gaishe ta, ta ƙara haƙuri. Tunda dai nata yana dawowa, ta gode wa Allah."

Na fassara yadda na iya. Dariyar mutumin ta tsaya. Ya karɓi gyaɗar da hannu biyu, ya ɗan rusuna, ya ce saƙo zai isa in Allah Ya so. Allah Ya saka masa da alheri duk inda yake, don bai tona ba.

Wanda ya tona na gida ne. Baffana, autan Kaka, ma'aikacin otal ne, kuma a duniya babu abin da yake so kamar ya gyara wa mutum kuskure. Muna cin abincin rana washegari Kaka ta ba da labari, tana ta murna cewa yanzu tana da mutane a Amurka. Baffa ya ƙware da shinkafa.

"Ya ummi, esh hada, mene ne haka? Gyaɗa kika aika wa mutanen littafi? Babu yaron nan fa. Babu matar. Wani mutum ne ya zauna ya ƙirƙira, tatsuniya ce, khalas, shi ke nan."

"Da Larabci fa aka rubuta."

"Ummi, da Larabci ake rubuta tallan man gashi."

Babana ya zabga masa harara, amma magana ta riga ta fita. Kaka ta juyo gare ni. "Haka ne?"

Na ce haka ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kamar in watsa wa Baffa miya. Tsorona ɗaya, kada ta ce ta bar cigiya, don ban san Kakar da ba ta cigiya ba.

 Kaka ta ce, "To shi wanda ya zauna ya ƙirƙira, nasa bai dawo ba ke nan. Wanda nasa ya dawo me zai zaunar da shi rubutu?"

Baffa ya buɗe baki zai yi gyara, babana ya taka masa ƙafa a ƙarƙashin ledar cin abinci.

Da la'asar na tarar ta shimfiɗa tabarma, ga farantin gyaɗa, ga mayafin fita Jarwal a ninke a gefe don gobe. Littafin kuma ta sauko da shi da kanta, ta ɗora a kan matashi don kada ya taɓa ƙasa.

"Buɗe wajen dawowar," ta ce.

"Ya sitti, ai kin ji ƙarya ce."

"Na ji, ba kurma ba ce ni. Karanta. Wannan dai ya dawo."