Ranar da Giyar Motata Ta Ƙone a Hanyar Ganin Baffa

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru ni ɗan kasuwar hatsi ne a Dutse. Ina sayen riɗi da gero a kasuwannin ƙauye, idan damina ta matso kuma in kai wa manoma taki. Na daɗe ina fama da tsohuwar a-kori-kura mai giyar hannu, har Allah ya hore mini na sayi wata ta Kwatano mai giyar otomatik. Abin da na sani game da zafin mota bai wuce allurar injin ba, in tana tsakiya to lafiya lau. Ban taɓa sanin man giya ma yana da nasa zafin ba. Akwai wata 'yar fitila da takan kama a gaban sitiyari idan na yi lodi mai nauyi, ta jima ta mutu. Da na tambayi abokan sana'a, suka ce haka motocin zamani suke, kwamfutarsu ce mai yawan ƙorafi. Na yarda, domin maganar ta yi mini daɗi.

Mahaifina, wanda muke kira Baba, makiyayi ne a da. Da gwiwoyinsa suka gaza sai na dawo da shi wurina. Ƙanensa, Baffa, yana can ƙauyenmu a bayan Aujara, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Wata magana a kan gonar gado ta shiga tsakaninsu, suka yi shekaru ba mai taka ƙofar wani. Ba zagi, ba kotu, shiru ne kawai. Amma duk wanda ya zo daga ƙauye sai Baba ya zagaya da tambaya har ya ji lafiyar shanun Baffa, shi ma can haka aka ce yana yi.

Wata safiya a tsakiyar bazara matar Baffa ta kira ni a waya. Ta ce jikinsa ya yi tsanani, kuma tun da gari ya waye ba abin da yake faɗa sai a kira masa Yaya. Na gaya wa Baba. Ya shiga ɗaki ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki sandarsa, ya fito ya tsaya a jikin mota. Motar kuwa cike take da buhunan taki da na loda tun jiya. Na duba lokacin da sauke su zai ci, na duba tsohon nan a tsaye yana jirana, sai na ce mu tafi a haka.

A kan kwalta ba mu sami matsala ba, muka bi ta Jahun ina ta ba motar wuta. Bayan Aujara muka sauka hanyar ƙauyenmu, wadda rabinta rairayi ne. Rana ta take, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu. Na bar giyar a inda nake barin ta kullum, ban sauko da ita ƙasa ba, ina ta danna totur motar tana nishi. Sai fitilar nan ta kama, wannan karon kuma ba ta mutu ba. Na dubi allurar injin, tana tsakiya, na ci gaba. A wani kwari tayoyin baya suka nutse. Na shiga sa giyar gaba, in sa ta baya, in taka da ƙarfi, har muka fita. Baba ya ce yana jin ƙauri, ko in tsaya in duba. Na ce masa ƙaurin taya ne, kuma mun kusa. Ba mu yi nisa ba injin ya dinga ihu motar ba ta tafiya, daga nan ta tsaya cik. Da na leƙa ƙarƙashinta na ga mai yana ɗiga a kan rairayi, ya yi baƙi, yana hayaƙi.

Wurin ba gida, ba sabis ɗin waya. Na hau kan buhunan ina ɗaga waya sama, a banza. Na kama Baba muka koma inuwar wani gawo. Ina jiran faɗa, amma bai yi ba. Sai ya fara ba ni labarin da ban taɓa ji ba, yadda yake goya Baffa a wuya idan sun kai shanu fadama, saboda ƙaya tana sa shi kuka. Ya ce gonar nan ko kyauta aka ba shi yanzu ba zai iya noma ta ba, bai san me ya riƙe shi duk shekarun nan ba. Ya ce kalma ɗaya yake so ya faɗa wa Baffa, ba ya buƙatar ko zama. Muka yi azahar a nan da ɗan ruwan da ya rage a jarka. Wani mai babur ya wuce da buhuna a baya, na roƙe shi ya kai saƙo, ya ce hanyarsa daban ce. Sai can wani mai amalanken shanu ya zo, ya taimaka mini muka ɗora Baba, na bar motar da takin a wurin.

La'asar ta wuce lokacin da muka hango ƙauyen. Tun daga nesa na ga maza suna tahowa a jere daga gabas, wasu da fartanya a kafaɗa. Baba ma ya gani. Ya ce wa mai amalanken kada ya shiga gari, ya bi inda mutanen nan suka fito. A bakin sabon kabarin ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa, ya ɗora tafinsa a kan danshin ƙasar, ya daɗe bakinsa yana motsi. Daga baya matar Baffa ta gaya mana ya cika ne bayan azahar. Sun yi ta kiran wayata ba ta shiga, zafi kuma bai bari a jira ba. Ta ce da aka shaida masa Yaya ya taso, sai ya sa aka canja masa riga, aka juyar da shimfiɗarsa ta fuskanci ƙofa, ya kuma ce ko bai iske shi ba a gaya masa babu komai a ransa.

Bakaniken da ya gyara motar a Dutse ya ce giyar ta ƙone gaba ɗaya. Ya nuna mini lagireton, wanda shi ke sanyaya man giyar ma, ya toshe da ƙaiƙayi da ƙura, man giyar kuma tun zuwan motar ba a taɓa canja shi ba. Ya ce da na tsaya lokacin da fitilar ta kama, na bar injin yana aiki a tsaye har man ya huce, sannan na bi rairayin da ƙaramar giya, da mun isa. Ɗan jiran da na ƙi yi shi ya cinye mana yinin. Baba bai taɓa ɗora mini laifi ba har ya koma ga Allah. Yakan ce kwanan Baffa ne ya ƙare, kuma shi ya fi ni jinkiri, tunda ni na makara da yini ɗaya, shi kuwa da shekaru.

'Yan'uwana masu a-kori-kura mai otomatik, musamman masu shiga ƙauyukanmu na rairayi da kaya, allurar injin ba ta ba da labarin giya. Ku riƙa duba man, idan ya yi baƙi ko yana ƙauri a canja shi da irin wanda motar take sha. A wanke lagireto, a rage lodi lokacin zafi, fitila kuma idan ta kama a tsaya, komai saurin da ake yi. Wanda kuma yake da ɗan'uwan da ba sa magana, ya je yau da ƙafarsa tun kowa yana lafiya. Kada ya bari sai ranar da isarsa za ta dogara ga lafiyar mota. Allah ya ji ƙan iyayenmu.