Ɗinkin da Na Sa Aka Yi wa Littattafan Kawu

Ko tsufa ya kwashe mini tunani, ba na jin zan manta kwana tara da na yi ina jiran wani mutum daga Yamai, da abin da na aikata kafin ya iso. Shekaru sun wuce, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji zama ya gagare ni, in miƙe in kama zagaye tsakar gida ba gaira ba dalili.

Kawuna ya daɗe yana aikin kuku a gidan wasu Turawa can arewa. Da za su koma ƙasarsu suka bar masa tarkace, ciki har da akwatin ƙarfe shaƙe da tsofaffin littattafan zane na Faransanci, irin na jaruman nan masu tashi sama da mayafi a baya, masu sa kamfai a kan wando ba kunya. Ya kawo akwatin gida Madarumfa. Duk bayan damina sai ya fito da littattafan su sha iska, ya zuba sabon ganyen dogon yaro saboda gara, ya mayar ya rufe. Muna yara ba ya bari mu taɓa sai mun wanke hannu, kuma a cikinsu na fara son karatun da ya kai ni ga zama malamin makaranta.

Bayan rasuwarsa, matarsa, wadda muke ce wa Inna, ta aika aka kira ni. Tana da ɗan lambu a bakin tabki, salat da tumatir da albasa, kuma da bokiti take ban ruwa. Shekarar nan bayanta ya soma ƙi, tana so ta samu injin ban ruwa kafin aikin lambu ya kankama.

Ta ce, "Kai ne ɗan lakkwal cikinmu, kai ka yi boko. Duba mani ko takardun kawunka na da mai so. In sun kawo inji, to madalla. In ba su kawo ba, ka maido mani abina."

Na ɗauki hotunansu da waya na sa a wani zauren intanet na masu tara tsofaffin littattafai. Ban yi zaton komai ba. Kwana biyu sai ga kira daga Yamai, wani mutum mai sanyin murya, ya ce sana'arsa ke nan, yana saye yana turawa waje. A cikin hotunan ya ware guda shida, ya ce su ne mafi tsufa, kuma ba a cika samun irinsu ba.

Ya kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a wurinmu, ya ce, "Mushe, ni maki nake ba littafi, daga ɗaya zuwa goma, kamar yadda kake ba ɗalibanka. Kuɗi makin yake bi. In shidan nan lafiyarsu lau, inji ba zai gagara ba. Nan da kwana tara ina da hanyar Maraɗi, zan biyo."

Daga nan barci da abinci suka fita raina. Ni dama tun ina yaro ba a san ni da zama wuri ɗaya ba, ga shi kuma an ce in jira. A aji ina rubutu a allo hankalina yana kan akwati. In na dawo gida sai in buɗe, in rufe, in fita, in dawo in sake buɗewa. Kuma duk buɗewa sai na ga sabon aibi. Wayoyin ƙarfen da suka haɗa takardun sun yi tsatsa, gefen shafuka ya yi ja, wani bangon kusurwarsa ta nannaɗe. Na ɗauki halin malanta na ba su maki da kaina: wannan huɗu, wancan da ƙyar biyar.

A wurinmu ba a kai kaya kasuwa da dauɗarsa. Mai rago sai ya wanke shi da sabulu, mai babur sai ya goge ya sa mai. Littafi kuwa, girmama shi a ɗinke shi a yi masa bango. Haka na tashi na gani, kuma ko sau ɗaya ban yi tunanin akwai inda ba haka abin yake ba. Rana ta biyar na kira mutumin sau biyu don in ji ta bakinsa, waya ba ta shiga ba. Da na ƙara haƙurin yini ɗaya, da yanzu wani labarin nake ba ku. Ban ƙara ba. Na naɗe shidan a zane na nufi kasuwa.

Akwai wani dattijo mai ɗinke wa malamai littattafai, aikinsa ba a magana. Ya buɗe ɗaya ya daɗe yana kallon zanen.

Ya ce, "Mushe, wanga mai tashi ba fiffike, mutum ne ko aljani?"

Na ce, "Jarumi ne, Baba."

Ya ce, "To jarumin naku ya ji jiki. Wane ɗinki kaka so, na yau da gobe ko na malamai?"

Na ce na malamai, kuma a yi shi yau. Ya ce aikin kwana biyu ne, na ce zan tsaya. Na tsaya kuwa, a kansa, ina ta gaggauta shi kamar mai jiran mota a tasha. Ya zare wayoyin masu tsatsa ya zubar. Ya huda da basilla ya ɗinke da zare mai ƙarfi. Ya liƙa bangon takardar a kan kwali, ya naɗe bayan da jar fata. Daga ƙarshe ya danne su da katako, ya sa wuƙa ya daidaita gefe uku, jan nan duk ya tafi, sai fari fes. Wallahi sun yi kyau. Na ba su tara-tara a zuciyata, ɗaya ma na ba shi goma.

Ban iya riƙe murnar ba, na wuce kai tsaye wurin Inna na nuna mata. Na ce ta ɗauka inji ya zo. A kan maganata ta sa aka ƙara mata fangali har bakin shingen maƙwabcinta, ta dasa duk irin da ta yi renonsa, wanda da rabinsa za ta sayar. Mai bokiti ba ya dasa irin wannan faɗin, ita ma ta sani. Ni na ce mata kada ta ji komai.

Ran na tara mutumin ya iso da hantsi. Ya nemi ruwa ya wanke hannu, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma. Na ce ya fara da sauran, don ina so in ajiye masa na daɗin zuwa ƙarshe. Ya riƙa ɗaukar su ɗaya-ɗaya da yatsu biyu, ya sunsuna, ya ɗaga bayan littafin wajen haske, ya ƙirga shafuka, ya ce shida, ya ce huɗu, ya ce bakwai. Na ga wani mai tsatsa fiye da waɗanda na kai ɗinki ya samu bakwai.

Ya ce, "Ina shidan?"

Na kwance zanen na jera masa su. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya bi gefen da yatsa, ya buɗe tsakiya ya ga zaren. Ya ajiye a hankali.

Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni na sa aka gyara."

Ya ce, "Mushe, tsatsar da ka cire ita ce shedar ba a taɓa su ba. An yanke gefe, an huda, an liƙe bango. A wurinmu wannan ba shi da maki."

Na kama gardama. Na ce yanzu sai su shekara ɗari ba su yage ba. Ya ce gaskiya ne, ɗinkin mai kyau ne, bai taɓa ganin irinsa ba. Amma masu saye ba ƙarko suke nema ba, littafin suke so yadda ya fito ranar da aka buga shi, da jan gefensa da komai. Ya ce ya ga kirana daga baya, yana kan hanya ne inda ba layi, kuma da na bar masa saƙo kalma ɗaya zai ce mini: bari. Ban tambaye shi nawa shidan za su yi ba da ban taɓa su ba. Shi ya faɗa da kansa, da tausayi, ya ce biyu daga ciki sun ishi injin. Ya sayi sauran, abin da ya bayar bai kai sulusin kuɗin ba.

Hanyar tabki ba ta taɓa yi mini tsawo irin na ranar ba. Sau biyu ina juyawa gida ina dawowa. Na iske Inna tsakanin sababbin fangalinta da bokiti a hannu. Na faɗa mata komai, ban rage ba, don na san in na soma kwana-kwana ba zan gama ba. Ta ajiye bokitin ta dafa ƙugu ta dube ni.

Ta ce, "Kawunka har ya koma ga Allah bai iya karanta baƙi guda cikinsu ba, kuma bai ɓata ko guda ba. Kai da ka iya karatun, sati ɗaya ya ishe ka."

Ba ta ɗaga murya ba. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Duk lokacin lambun nan ina zuwa da asuba in ja mata ruwa kafin in tafi makaranta, amma hannu huɗu ba su zama inji ba. Sababbin fangalin suka bushe ɗaya bayan ɗaya, ina kallo. Inna ta ƙara shekara biyu tana jan ruwa da wannan bayan nata.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa don son Inna na yi, sai daga baya na yarda cewa jira ne na kasa, na nemi abin da zan ba hannuna ya yi. Abin da na koya shi ne, in an ba ka amanar abin da ba ka san sana'arsa ba, ka tambayi masu ita, in ba ka same su ba ka zauna ka bar shi yadda yake, ko da zaman zai kashe ka. Inna ta yafe mini tun kafin in roƙa. Amma da ta tashi sayar da awakinta don cika kuɗin injin, wani daban ta kira, ba ni ba.